Takardar da Ta Shekara Shida a Ƙarƙashin Butar Shayi

Jama'a, yau da safe na yi asarar wurina a layin mai, kuma ba barci ne ya ja mini ba. Tun gari bai gama wayewa ba na tura babur ɗina na shiga layi, na zama na goma sha ɗaya, lambar da ban taɓa samu ba tun da aka fara wannan wahala. Ina tsaye ina murna cewa kafin hantsi zan buɗe shago, sai na ji an kama mini hannun riga ta baya. Na juyo a fusace, na zaci irin masu cewa "dama ina nan, fitsari na je" ne. Ashe akawun Babban Ofis ne, wanda duk mai neman aiki a garin nan ya sani da Dawo-Gobe. Mutumin da in ka gaishe shi sai ya gama juya cokali a kofi kafin ya ɗago ido, yau shi ne ya rusuna mini har gwiwarsa na neman taɓa ƙasa.

"Injiniya, don girman Allah minti biyu," in ji shi. "Magana ce ta ceton rai."

Ni ba injiniya ba ne, fanka da rediyo nake gyarawa. Maƙwabcina Mai Aski ne ya liƙa mini sunan har ya bi ni. Amma in babban mutum kamar akawu ya kira ka da shi a gaban jama'a, ai sai ka gyara tsayuwa. Na bar babur na bi shi gefe. Kafin in gaya muku abin da ya roƙa, dole in koma da ku baya kaɗan, in ba haka ba za ku ce ƙarya nake shirga muku.

Matata ma'aikaciyar ɗakin karatu ce. Malama muke ce mata, ni da duk unguwa. Shekara tara ke nan tana aiki a laburaren garinmu a matsayin ma'aikaciyar wucin gadi. Lokacin da ta fara, babbar 'yarmu tana goye. Yanzu yarinyar tana aji huɗu har tana gyara mini lissafi, uwarta kuwa har yau ana wucin gadin.

Abin da ake ba ta ba a kiransa albashi, alawus ake ce masa, kuma da gaskiyarsu, don in ka kira shi albashi ka ci mutuncin albashi. Ba shi da ranar zuwa. Wani watan ya zo, wani watan ya aiko da gaisuwa. Ba hutun shekara, ba fansho, in ta yi rashin lafiya kuwa ita ta jiyo. Duk da haka ƙarfe takwas saura kwata tana bakin ƙofa, ta sa hannu a littafin zuwa aiki, ta ɗauki tsumma ta bi kantoci. Ita ke ba da aron littafi, ita ke karɓa, ita ke liƙe wanda ya yage da gam ɗin da ni nake saya, ita ke nemo wa ɗalibai abin da malamansu suka aiko su nema alhali su malaman ba su taɓa buɗe shi ba. Fanka ɗaya ce tak mai rai a ɗakin, kuma sau bakwai ina farfaɗo da ita kyauta.

Kada ku ce manyanmu sun manta da laburare. Haba, Allah ya kiyaye. Sau uku ana ƙaddamar da shi a kan idona. Na farko an yi wa bangon gaba fenti, bangon gaba kawai, don nan ne mota ke tsayawa. Na biyu aka kawo kwamfuta goma sha biyu a kwalaye, aka ɗauki hoto da su, aka kulle su a sito don kada mutane su lalata su da amfani. Na uku ba a kawo komai ba, an dai sauya allon ƙofa da wani mafi girma, mai ɗauke da sunan wanda ya sauya shi. Irin wannan hangen nesa ba kowa ke dace da shi ba, mu gode wa Allah.

Zama da ma'aikaciyar laburare kuma wani karatu ne na daban. Malama ba ta iya ganin abu a inda ba wurinsa ba ta wuce. Ta taɓa shiga shagona ta jera mini sukudireba daga ƙarami zuwa babba, na yi mako ina neman wanda na saba tsinta a ƙarƙashin benci. In maƙwabciya ta zo aron dutsen guga, sai an rubuta a ɗan kati, da ranar dawowa. Ni kaina, mijinta na aure, in zan ɗauki tocila daga ɗakinta sai na sa hannu. Ga ta ba ta ɗaga murya. Ko faɗa muke yi raɗa take yi mini, in yi ta "me kika ce?" har fushin ya huce ban ji laifina ba.

To, mako uku da suka wuce, ranar Litinin, aka liƙa sanarwa a ƙofar laburare. Mai Girma Mai Sa Hannu, wanda ke can saman bene a Babban Ofis, Allah ya ƙara wa alƙalaminsa tawada, ya yanke cewa duk ma'aikacin wucin gadi da ba shi da takardar aikin dindindin zuwa ƙarfe huɗu na ranar Juma'a, an gode masa, ya koma gida. Za a ɗauki sababbi. A ƙasa aka jera sharuɗɗa: mai nema kada ya wuce shekara talatin, ya zo da gogewar shekara goma sha biyar, ya kuma ƙware a sarrafa kwamfuta, wato irin waɗanda ke kulle a sito. Malama shekararta talatin da takwas. In Juma'a ta yi ba takarda, ta rasa aikin, kuma ba ta da damar sake nemansa.

Ta dawo gida ta zauna a bakin gado da jakarta a cinya, ko takalmi ba ta cire ba. Ba zan ɓoye muku ba, hankalina ya tashi. Ba alawus ɗin nake ji ba, wannan ko kuɗin makarantar yaro ɗaya ba ya biya. Na san matar nan. In aka raba ta da kantocin nan an raba ta da rabin ranta, sauran rabin kuma a kan shagona zai ƙare.

"Ai na cike takardar neman dindindin tun shekara bakwai da suka wuce," in ji ta. "Har ganawa aka yi da mu. Suka ce za a neme mu."

Na fita na sami Mai Aski, don shi ne gidan jaridar unguwarmu, duk kan da ya aske sai ya bar masa labari.

"Injiniya, kai yaro ne," ya ce, yana wasa aska. "Takarda ba a jiran ta, bin ta ake yi. Ku je wurin Dawo-Gobe. Zai ce fayil ya ɓata. Kada ka yi gardama, ya ɓata ɗin. Sai ka ɗan sunna masa abin da zai wanke ido da shi, ka ga ikon Allah. Ƙanin matata shekara uku fayil ɗinsa yana ɓace, da aka wanke ido, kafin shayi ya huce ya fito."

"Malama ba za ta yarda ba."

"Wa ya ce ka gaya mata? Kai komai sai ka kai rahoto gida?"

Talata, bayan ta biya ta laburare ta sa hannu ta nemi izini, muka isa Babban Ofis, na ninke 'yan kuɗina a aljihun ciki. Ɗakin fayil yana ƙasan bene, a ƙarshen wani dogon lungu, ga benci a bakin ƙofa wanda zaman masu jira ya sa ya yi sulɓi. Dawo-Gobe na zaune a bayan tebur, da butar shayinsa ta lantarki a gefe, an ɗora ta a kan wasu takardu don wayarta gajeriya ce, ba ta kai soket sai an ɗaga ta. Malama ta faɗi sunanta da shekarar da ta nema. Bai ko motsa ba.

"Fayil ɗin nan ya ɓata. Ku dawo gobe."

"Yallaɓai, ai ba ka duba ba," in ji Malama a hankali.

"Hajiya, shekara ashirin ina ɗakin nan. Fayil ɗin da ya ɓata daga jin sunansa nake gane shi."

Na fara laluben aljihu ina jiran Malama ta kau da kai. Ta kau da kan kuwa, amma sai idonta ya faɗa cikin ɗakin ta bayan kafaɗarsa, kuma daga nan al'amari ya fita daga hannuna. Jama'a, na ga juji a rayuwata, amma ban taɓa ganin juji mai rufi da makulli da ma'aikaci ba. Fayiloli a ƙasa, fayiloli a kan taga, wasu an cusa su a buhu, wasu an toshe ɓarakar silin da su. Kantocin ƙarfe kuwa suna tsaye kusan wayam, sai takalman wani da tsohuwar taya a kai. Na ga yatsun Malama sun fara motsi a jikin jakarta. Na san wannan motsin, shi na gani ranar da ta shiga shagona.

"Yallaɓai," ta ce, "wancan na ƙasa a kife yake. In ɗan gyara shi?"

Dawo-Gobe ya dube ta, ya dube ni, ya ga shara kyauta ta kawo kanta. "Bismillah, Hajiya. Tsintsiya ma tana bayan ƙofa."

Fayil ɗaya ta ce. Kafin azahar ta aike ni gida in ɗauko mata kwalin katunanta, da gam, da alƙalami mai kauri. Kafin la'asar na zama lebura, ina sauke buhu ina atishawa, ita kuwa tana durƙushe tana ware su shekara-shekara, sannan harafi-harafi, kowanne ta liƙa masa lamba a gadon baya, ta rubuta masa kati.

Na ce, "Malama, naki muka zo nema, ba na duniya ba."

Ta ce, "Baban yara, ba a neman abu ɗaya a cikin hargitsi. In kowa ya koma wurinsa, nawa zai fito da kansa."

Ranar ban buɗe shago ba, Laraba ma haka. Masu jira a benci suka gaji da kallo, biyu-uku suka naɗe hannun riga suka kama mana. Dawo-Gobe yana ta kurɓar shayi yana ba da umarni daga zaune, "A kula da wancan, na manya ne."

Laraba ƙarfe uku ya tashi, wai an aike shi, ya ce in mun gama mu ja ƙofa, masinja zai kulle. Biyar saura muka gama. Kantoci sun cika, kowane layi da alamarsa, kwalin katuna a kan tebur, ƙasa kuwa fes, har muka gano ashe ɗakin tayil gare shi. Fayil dubu biyu da wani abu, babu na Malama. Ta tsaya a tsakar ɗakin tana bin kantocin da kallo. Ni kuma ƙishirwa ta dame ni, na ce bari in ga ko da sauran ruwa a butar akawu. Ina ɗaga butar sai Malama ta riƙe mini hannu. Fayil huɗu ne a ƙarƙashinta. Na saman duk shatin gindin buta ya yi masa baƙi, kuma shi ne nata.

Ta buɗe. Takardar farko a ciki fara sol, ko ninki babu. An ɗauke ta aikin dindindin, ga hatimi, ga sa hannun Mai Girma Mai Sa Hannu da kansa, tun yana mataimaki. Kwanan watan kuwa na shekara shida da suka wuce ne. Shekara shida takardar tana ɗauke da butar shayi, matata na can tana liƙe littafi da gam ɗina a matsayin 'yar wucin gadi.

Na yi kabbara har sai da masinja ya leƙo. Na ce, "Sa a jaka! Sa a jaka mu tafi!"

Sai ta rufe fayil ɗin, ta goge shi da gefen mayafinta, ta liƙa masa lamba, ta yi masa kati, ta je ta zura shi a layinsa cikin kantoci.

"Malama, me kike yi?"

"Akawu ba ya nan. Wa zai sa hannu ya fitar?"

"Takardarki ce fa! Sunanki ne a kai!"

"Sunana ne a kai, amma ba a ba ni ba tukuna. Ba a fitar da abu daga kanta sai an rubuta wanda ya bayar da wanda ya karɓa. Shekara tara ina hana mutane, yau kuma ni zan cusa a jaka in fita kamar ɓarauniya? Gobe da safe zai zo ya ba ni bisa ƙa'ida. Kuma ka rage murya."

Na roƙe ta, na yi fushi, na lissafo mata 'ya'yanmu ɗaya bayan ɗaya. Ko gezau. Muka ja ƙofa muka fito. Da na ba Mai Aski labari sai da ya ajiye aska ya nemi wuri ya zauna. Ya ce shi a tarihin askinsa bai taɓa jin wanda ya ga takardarsa da idonsa ya mayar ba, ya kuma ba ni shawara in kai ta a duba ta.

Alhamis muka koma muka tarar da abin da nake tsoro, sai dai ta hanyar da ban taɓa tunani ba. Ƙofar ɗakin fayil a garƙame da sabon kwaɗo, an gitta mata jan ƙyalle, ga masu fenti suna ta aiki a lungun, bangon gaba kawai. Ashe bayan fitarmu Mai Girma ya sauko neman direbansa, ya ɓata hanya ya biyo ta lungun, ya ga ɗakin kafin a kulle. An ce ya daɗe a tsaye. Da ya tambayi aikin wane ne, masinja, wanda ya san abin da manya ke son ji, ya ce ai duk bisa jagorancin Yallaɓai ne. Nan take Mai Girma ya tuna cewa lallai shi ya ba da umarnin. Ya sa aka rufe ɗakin, ba shiga ba fita, sai an ƙaddamar da Sabon Tsarin Adana Fayil na Zamani ranar Juma'a ƙarfe uku.

Ƙarfe uku, wa'adin Malama kuma ƙarfe huɗu. Duk wanda ya taɓa zuwa taron manya ya san ƙarfe ukunsu ba irin na agogo ba ne.

Dawo-Gobe, wanda ya sha sabuwar kwat, ya dube mu ba kunya ba tsoron Allah ya ce, "Ku dawo Litinin."

Muka hau babur muka kama hanyar gida. Sai da muka zo daidai laburare ta ce in sauke ta. Ta shiga wurin shugabansu, wani dattijo da suke kira Baba, wanda saura wata biyar ya yi ritaya, kuma tun da nake ban taɓa jin ya yar da ko guntuwar takarda ba. Suka daɗe suna raɗe-raɗe. Da ta fito na tambaye ta me suka ƙulla, ta ce ita ta karanta takardar har ƙasa, ni kuwa samanta kawai na gani. Daga haka ba ta ƙara ba.

Juma'a aka kafa rumfuna, aka jera kujerun haya, aka kawo lasifika mai ƙarar da ake ji har cikin haƙori. An buga riguna da hoton fayil a ƙirji. Kuɗin ruwan roba kaɗai da aka sha a wurin zai sayi fanka goma. Muka sami wuri a can baya, ni da Malama da Baba, wanda ya zo da wani ƙaton kwali ya ɗora a cinya ya rungume. Uku ta yi ta wuce. Mai Girma ya iso uku da rabi, wanda a wurinsa sammako ne. Ya yi jawabi kan yadda tunanin fayilolin talakawa ya hana shi cin abinci, ya ce tawaga guda ya aika ƙasashen waje ta koyo wannan tsari. Malama na kallon agogon hannuna, ni ina kallon Malama. Huɗu saura kwata aka ɗunguma cikin lungu, ya yanke ƙyalle.

Daga nan ne Allah ya kawo mana ɗauki ta bakin Mai Girma da kansa. Daɗin tafi ya kwashe shi, ya juya ga masu ɗaukar hoto ya ce daga yau duk fayil ɗin da aka nema a ɗakin nan cikin minti ɗaya zai fito, kuma a sami wani daga cikin jama'a ya gwada. Na ga Dawo-Gobe ya yi tsuru-tsuru, gumi ya keto masa, don shi shayi ya sha lokacin da ake aikin, bai san ma'anar lamba ko ɗaya ba.

Malama ta ɗaga hannu ta ce, "Ni, ranka ya daɗe." Ni da nake manne da ita ma da ƙyar na ji. Shekara tara tana raɗa, yau da ake bukatar murya babu ita. Nan ne na gane dalilin da Allah ya haɗa ta da mai surutu. Na buɗe maƙogwaro irin yadda nake kiran mai baro daga tsallaken titi, "Ga mai gwadawa a nan!" Har mai riƙe da lasifika sai da ya razana. Aka buɗa mana hanya.

Ta faɗi sunanta. Mai Girma ya dubi agogo ya ce wa akawu bismillah. Dawo-Gobe ya shiga tsakanin kantoci yana zagaye, ya ja wannan ya mayar, ya leƙa bayan ƙofa, har ƙarƙashin buta ya duba, Allah sarki, sabo. Na ga bakinsa ya fara haɗa kalmar nan tasa ta kullum. Sai Malama ta ce, a hankali, yadda take nuna wa ɗalibi, "Kanta ta uku, layi na biyu, na bakwai daga hagu." Ya miƙa hannu, sai ga fayil mai shatin gindin buta. Daƙiƙa arba'in. Wuri ya kaure da tafi.

Mai Girma ya karɓa yana murmushi, ya buɗe, ya ga takarda da sa hannunsa, ya ji daɗi, ya fara karantawa da ƙarfi a gaban makirfo. Ya karanta an ɗauke ta aiki, aka yi tafi. Ya karanta kwanan wata, tafin ya ragu, don akwai masu iya lissafi a wurin. Sannan ya zo layin ƙarshe, wanda ni ban gani ba ranar Laraba: wanda aka ɗauka ya kama aiki cikin kwana goma sha huɗu, in ba haka ba an janye tayin. Mai riƙe masa jaka ya matso ya raɗa masa a kunne, amma makirfo ba ya riƙe sirri, kowa ya ji: "Yallaɓai, takardar ta mutu. Ba ta kama aiki a kan lokaci ba."

Baba ya taho da kwalinsa ya dire a kan tebur. Littattafan zuwa aiki ne na laburare, na shekara tara, kowanne da lambarsa. Ya zaro ɗaya, ya buɗe inda ya sa alama, ya miƙa wa Mai Girma. Washegarin ranar da aka rubuta takardar, ƙarfe takwas saura kwata, ga sa hannun Malama. Ranar da ta biyo ma haka. Mai Girma ya yi ta juya shafi, da alama yana fatan ya sami ranar da ta makara.

"Ranka ya daɗe," in ji Malama, wannan karon an kara mata makirfo, "na kama aiki tun washegari. Sani ne kawai ban yi ba."

Wata mata a bayana ta fashe da dariya, daga nan kowa ya ɗauka. Ku ba Mai Girma haƙƙinsa, ba a banza ya hau saman bene ba. Ya dubi masu hoto, ya dubi agogo, huɗu saura minti huɗu, ya ɗaga takardar sama ya ce wannan ita ce irin nasarar da sabon tsarinsa ya zo da ita, kuma yana farin cikin miƙa wa wannan baiwar Allah takardarta da hannunsa. Ya miƙa. Malama ba ta karɓa ba. Ta zaro ɗan kati daga kwalin katunanta, ta ajiye masa a tebur tare da alƙalami, ta nuna masa layin mai bayarwa.

Ya sa hannu, jama'a. Mai Girma Mai Sa Hannu, a tsaye, a sunkuye, a kan katin matata. Ita ma ta sa nata, ta rubuta lokaci, huɗu saura minti biyu, ta mayar da fayil kanta ta uku, sannan ta karɓi takardarta da hannu biyu.

Muka fito muka hau babur. Muna tafiya na ji bayan rigata yana jiƙewa. Kuka take yi, shi ma a hankali, yadda ba zai dami kowa ba. Ni ma idona ya kawo ruwa, na ɗora wa iska laifi, kuma ina alfahari da matar nan fiye da yadda zan iya rubutawa a jarida. Kada ku tambaye ni bambancin albashin shekara shidan nan, an kafa kwamiti. An ba Dawo-Gobe lambar yabo ta gwarzon ma'aikaci, an ba tawagar da ta je ƙasashen waje hutun gajiya. Malama dai ranar Litinin takwas saura kwata tana bakin ƙofa da tsummanta, fankar ma ta sake tsayawa.

To, mu dawo gidan mai. Abin da ya sa Dawo-Gobe ya rusuna mini shi ne kwalin katunan nan da Malama ta bari a kan teburinsa. Labari ya zaga gari. Yanzu mai neman aiki ba ya zama a benci. Yana zuwa sai ya buɗe kwali, ya nemo harafinsa, ya ce wa akawu kanta kaza, layi kaza. Mako biyu ke nan ba fayil ɗin da ya ɓata, ba idon da aka wanke.

"Injiniya, ina da iyali," in ji shi. "Na gwada hargitsa su da kaina, wallahi na gwada. Amma kowanne da lamba a baya, kafin in dawo daga cin abinci masinja ya mayar. Ga Mai Girma kullum sai ya kawo baƙi su gani. Ka roƙar mini Hajiya, ita ta san yadda ta ɗaure abin nan, ta zo ta kwance. Ko rabin ɗakin ne ta mayar mini yadda yake."

Na tausaya masa, har ga Allah. Na dubi sama, na dubi ƙasa, na kakkaɓe hannun rigata inda ya riƙe. Da akwai kofi a kusa da na juya cokali. Sannan na ce masa maganar tana bukatar nazari, ya dawo gobe.

Daɗin da na ji bai kai minti ɗaya ba. Ina juyowa na tarar an ture babur ɗina gefe, layi ya haɗe, na goma sha ɗaya ya zama wani mai ƙaton ciki da ya rantse tun jiya yake wurin. Na koma baya na bi layi har azahar, ina isa bakin famfo mai zuba mai ya rataye tiyo ya ce ya ƙare. Ban yi masa faɗa ba. Na dai leƙa ofishin manajansu ta taga, na ga takardu a zube har ƙasa, wasu ma a kife. Gobe da Malama zan zo layi.